Kafin Ka Miƙa Makullin M3

Ɗana,

 Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka nemi shawara tun ba ka kai motar gaban dillali ba, don yawancinku sai kun gama ciniki kuke zuwa neman a sa albarka. Ka ce za ka rabu da BMW M3 ɗinka ka sayi Golf GTD mai shan gas, saboda aikin da ka samu a Derby da kuma ƙaruwar da kuke sa rai, Allah ya raba lafiya. A can ƙarshen saƙon kuma ka ɗan saƙala cewa abokai sun fara yi maka tsiya, wai ka tsufa tun ba a je ko'ina ba.

Ina bayanka. Na faɗa tun da fari don kada ka karanta sauran da faɗuwar gaba. Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma zan jero maka su yadda na san su, ni da na ci abinci da tuƙin tasi a Birmingham, kusan duka a kan injin gas.

Ba zan kushe maka M3 ba, don ba abin kushewa ba ce. Irin taka, wadda aka ƙera tsakanin 2007 da 2013, injinta silinda takwas ne, lita 4, ƙarfin doki 420, kuma sai ya kai zagaye 8,300 a minti yake ba da ƙarfin nan gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa jin kukanta a wannan maƙurar ya san dalilin da ya sa samari suke rasa barci a kanta. Daga tsaye tana kai gudun kilomita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, kuma kamfani ne da kansa ya sa mata takunkumi a kilomita 250. To amma ina za ka yi wannan gudun? Dokar ƙasar da kake zaune ta tsaya a mil 70 a babbar hanya, wato kusan kilomita 112. Ka wuce, kyamara ta ɗauke ka, mafi ƙarancin hukunci fam 100 da maki uku a lasisi. Maki goma sha biyu cikin shekara uku, ka ajiye tuƙi. Motar da aka yi wa manyan hanyoyin Jamus, inda wasu sassan ba su da iyakar gudu, ga ta kullum safiya tana rarrafe a gosulon shiga gari. Halinta ɗaya da ingarman hawan salla: shekara guda cur kana ba shi dawa da harawa da kanwa, kana biyan mai kula da shi, sukuwar kuma ta yini biyu ce ko uku. Sarki yana iyawa. Ma'aikacin da ke jiran albashin ƙarshen wata sai ya yi tunani.

Ɗauko biro mu yi lissafi, don a irin wannan magana takarda ta fi zuciya gaskiya. Daga Birmingham zuwa Derby ta hanyar A38 kimanin mil 40 ne. Zuwa da dawowa ka ce kilomita 130 a yini. In ka cire hutu da ranakun ƙarshen mako, za ka yi wajen kilomita 30,000 a shekara, ban da kai iyali kasuwa da ziyarar 'yan uwa. A takardar kamfani M3 tana shan lita 12.4 a kowace kilomita 100, kuma ni da kai mun san ƙafarka ba ta takarda ba ce. Mu bar shi a hakan dai, don kada a ce na yi mata sharri: lita 3,700 da ɗoriya ke nan a shekara, kuma na fetur mai tsadar, don shi ta fi so. Golf GTD ƙirar 2013 kamfani ya ce lita 4.2. Kada ka yarda. Tsohon gwajin da ake fitar da waɗannan alƙaluma a ɗaki ake yin sa, ba iska, ba tudu, ba mai sauri zuwa aiki. Ka sa mata lita 6 don ka kwana da kwanciyar hankali. Lita 1,800 ke nan. Ragowar kusan lita 1,900 tana aljihunka. Gaskiya ne a Ingila litar gas takan fi ta fetur tsada, amma ratar ba ta isa ta rufe wannan rami ba. Ka duba allon gidan man unguwarku ka ninka da kanka, ka nuna wa maiɗakinka abin da ya fito. Tankin M3 lita 63 ne, ba zai kai ka kwana huɗu cikakku ba. Na Golf lita 50 ne kawai, amma zai yi maka mako na aiki har da saura.

Mai kuwa shi ne ɓarawon da ake gani. Akwai na ɓoye. Harajin hanya na motocin da aka yi wa rajista tsakanin Maris 2001 da Maris 2017 da yawan hayaƙin da suke fitarwa ake yanka shi, kuma M3 tana aji mafi tsada, sama da fam 700 a shekara. GTD ƙirar 2013 mai giyar hannu ba ta kai fam 40 ba. Ga inshora. Ga tayoyin baya masu faɗi da ba sa jimawa a ƙarƙashin mai son taka totur. Ko juyen baƙin mai, M3 tana cinye kusan lita 9 na wani mai na musamman, ba wanda ake tsinta a kowane shago ba.

Yanzu bari in faɗa maka abin da za ka rasa, don kada ka ce baffa ya rufe ka. Za ka rasa kukan nan. Injin gas ba ya waƙa. Da sanyin safiya in ka tayar da shi, ƙara-ƙara za ka ji, irin ta motar ɗaukar kaya, sai ya ɗumama yake lafawa. Har kamfanin Volkswagen mai ƙera Golf ya san da wannan, shi ya sa ya ɓoye wata 'yar na'ura a gindin gilashin gaba da ke ƙara gurnani a cikin mota don direba ya ji kamar yana tuƙa wani abu. Abin yakan ba ni dariya, amma ba ya cutar da kowa. Za ka kuma rasa turin nan na baya. M3 da tayoyin baya take tafiya, Golf da na gaba, kuma a kwana hannunka zai ji bambanci. Allurar injin ma, da ka saba ganin ta haura dubu takwas, a nan tana wuce dubu huɗu numfashin ya fara ƙarewa, sai canjin giya. Makonnin farko za ka riƙa neman abin da babu. Ka yi haƙuri da kanka.

Amma ga abin da abokanka ba su sani ba, ko suka sani suka yi shiru. Ƙarfin doki shi ake rubutawa a talla, amma abin da bayanka ke ji yana manne da kujera sa'ad da ka taka totur shi ne ƙarfin murɗa taya, wanda ake aunawa da Nm. M3 tana da 400, kuma sai inji ya kai zagaye 3,900 take ba da shi. GTD tana da 380, tun daga zagaye 1,750. Duba kusancin. A titin gaske, inda kake bayan tirela a mil 50 ka samu sarari kana son wucewa, ba sai ka sauko da giya biyu ba. Ka ɗan danna kawai, tobo ta cika, motar ta ɗauke ka. Dokinta 184 ne, tana kai kilomita 100 cikin daƙiƙa bakwai da rabi. A filin tsere M3 za ta bar ta ko ƙurarta ba ta gani ba. Tsakanin shataletale da shataletale a A38 kuwa, tare za ku isa danja. Sirrin ba wani tsafi ba ne: litar gas ta fi ta fetur ƙunsar kuzari, kuma injinsa matse iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa ba tare da fulogi ba, saboda haka kaɗan yake ɓarnatarwa.

Kuma kada wani ya ce maka motar tsofaffi ce da aka yi wa kwalliya jiya. Volkswagen ta fitar da Golf GTI a 1976, 'yar ƙaramar mota mai doki 110 da ta koya wa Turai cewa motar cefane ma tana iya tsalle. A 1982 aka yi mata ƙanwa mai gas, GTD, da doki 70.  In ma ba Golf ba, injin nan mai doki 184 yana cikin SEAT Leon FR da Skoda Octavia vRS, sau da yawa a kuɗi ƙasa da na Golf, don suna ake saya. In kuwa turin baya ne ba za ka iya rabuwa da shi ba, BMW 120d da aka yi kafin 2019 tana nan. Ko wacce ka ɗauka, ka ɗauki mai ƙofa biyar. Je ka gwada cusa kujerar jariri a bayan M3 mai ƙofa biyu, kana durƙushe, ruwan sama yana dukan bayanka, za ka gane abin da nake nufi. Kujerar nan kuwa doka ce, har yaro ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135.

Sharaɗin farko shi ne mafi girma. Injin gas na zamani ɗan tafiya ne, zaman gari yana kashe shi. A cikin salansarsa akwai matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira DPF. Aikinta ta tare kunkunniya kada ta fita. In ta fara cika, kwamfutar motar takan ƙara watsa mai don zafin salansa ya kai wajen digiri 600, kunkunniyar ta ƙone ta zama toka. Wannan ƙonawa tana son mota ta yi tafiya miƙaƙƙiya, inji da zafi, na kamar minti ashirin. Wanda tafiyarsa daga gida zuwa shago ne, daga shago zuwa masallaci, kullum yana kashe inji a tsakiyar aikin. Matatar ta toshe, fitila ta kama a gaban sitiyari, man da bai ƙone ba ya gangara ya tsinka baƙin mai, daga nan mota ta ƙi gudu, sai gareji. Na ga abokan aiki da yawa da suka sayi motar gas don tsimi, suka ƙare suna kai wa makanike abin da suka tsimta a gidan mai har da riba. Za ka gane tana cikin ƙonawa in ka tsaya ka ji fanka tana ta hurawa, inji ya ɗan ɗaga murya, ga wani ƙauri-ƙauri daga ƙasa. In da hali kada ka kashe ta a lokacin, ka ƙara zagaye. Tafiyarka ta Derby ita ce maganin duk wannan, kuma ita ce kaɗai dalilin da ya sa na ce ina bayanka. Saboda haka ka tambayi kanka tsakani da Allah: aikin nan mai ɗorewa ne? Kullum za ka riƙa zuwa, ko za su ce ka yi kwana uku daga gida? Kuna da niyyar komawa Derby da zama in an haihu? In amsar ta nuna tafiyar za ta gajarce, ka bar gas, ka nemi ƙaramar mai fetur, ko irin masu haɗa fetur da batir.

Sharaɗi na biyu, shekarar motar. A nan ne za ka ga abin mamaki. Tun Yunin 2021 Birmingham take karɓar fam 8 a yini daga motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba in ta shiga tsakiyar gari. Landan tana karɓar fam 12.50, kuma tun ƙarshen Agustan 2023 dokar ta game dukkan unguwanninta. Ƙa'idar ita ce mai fetur ta kai matakin Euro 4, mai gas kuwa sai Euro 6. Ka ga M3 ɗinka, duk da zuƙar manta, kyauta take shiga. Amma GTD ƙirar 2009 zuwa 2012, mai doki 170, Euro 5 ce, kullum sai ta biya. Za ka gan su da araha a kasuwa, kuma dalilin arahar ke nan. Injin wannan ƙirar kuma yana cikin dangin da aka kama a Satumban 2015, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fallasa cewa Volkswagen ta sa wa motocinta dabarar gane lokacin gwaji, su rage hayaƙi, in sun hau titi su saki. Kamfanin da bakinsa ya ce abin ya shafi motoci kusan miliyan 11. Ƙirar da ta fito daga 2013 sabon inji gare ta, Euro 6. Duk da haka kada ka dogara da bakin dillali ko da nawa. Ka sa lambar motar a shafin gwamnati na duba wannan haraji, zai gaya maka nan take.

Wannan badaƙala ce ta juya wa gas baya a Turai. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta tura mutane gare shi tun 2001, sa'ad da ta ɗaura haraji a kan hayaƙin da ke ɗumama duniya, har ya kai rabin sababbin motocin da ake saya masu gas ne. Yau ko ɗaya cikin goma ba su kai ba, kuma ana ta ja-in-ja a kan ranar daina sayar da sababbi masu fetur da gas, yau a ce 2030, gobe a ce 2035. Abin da ya shafe ka a ciki shi ne kada ka saye ta da tunanin za ka sayar da daraja. Ka saye ta don ka more ta har ta tsufa a hannunka. Kada kuma ka ce in ta tsufa ka turo ta gida. Sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motocinta sitiyari a hagu. Ko da an juya, gas a can abincin tirela ne da janareto, ba shi da arahar da za ta sa a sha wahala, kuma makanikan da suka ƙware a kan Golf ɗin da ke cike da tashoshinmu, a kan mai fetur suka ƙware.

Sharaɗi na uku shi ne wanda na fi jin tsoro, don na san jinin ƙuruciya. Wata biyu da sayen motar, kewar M3 za ta taso, kuma a daidai lokacin wani zai ce maka ya san mai kwamfuta da zai taɓa ƙwaƙwalwar injin ya ƙara maka doki arba'in, in kana so ma ya fasa matatar hayaƙin ya zubar da cikinta, mota ta sake. Ɗana, ka toshe kunnenka. Ƙarin ƙarfin a kan kuloci da giya yake sauka, waɗanda ba a yi su don shi ba. In ba ka gaya wa kamfanin inshora ba, ranar da tsautsayi ya gitta suna iya zame maka. In ka gaya musu, kuɗin da ka gudo dominsa ya biyo ka. Cire matatar kuwa laifi ne: tun Fabrairun 2014 motar da aka cire mata ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wato MOT, kuma tarar tana iya kai fam 1,000. Ka ajiye tarar ma a gefe. A 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. A Disamban 2020 mai binciken musabbabin mutuwa a Landan ya yanke cewa gurɓatacciyar iska tana cikin abin da ya kashe wata yarinya 'yar shekara tara mai ciwon asma, wadda gidansu ke bakin babban titi. Bututun salansa daidai tsayin keken jariri yake. Haƙƙin maƙwabci bai tsaya a bango da kwata ba, har iskar da yake shaƙa tana ciki.

Wajen saye, ka tafi da safe ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso. Sa hannu a kan bonet ka tabbatar da sanyi, sannan ka tayar, ka saurara, ka leƙa baya ka ga ko akwai hayaƙi. Shafa yatsa a cikin bakin salansa: motar da matatarta ke aiki ba ta barin baƙi mai kauri. Tarihin MOT ɗinta yana intanet kyauta, da malejin kowace shekara, ka duba ko lissafin yana hawa daidai. A gas, wadda ta yi doguwar tafiya a babbar hanya ta fi mini wadda ta yi shekara takwas tana zagayen unguwa, ko da malejin ta biyun ya fi ƙanƙanta. Nemi rasiɗin canjin bel ɗin inji. In mai giyar DSG ce, wato mai canja kanta, a nuna maka shaidar ana canja man giyar duk mil 40,000. Ka biya 'yan kuɗi a bincika maka ko akwai bashin banki a kanta, don a Ingila bashi yana bin mota. Kai kuma kada ka ɗora wa kanka wani. Abin da M3 za ta kawo, in ka yi sa'ar mai saye, ya kamata ya sayi Golf lakadan. Za su zaunar da kai a ofis mai ƙamshi, su kawo shayi, su nuna maka sabuwa fil da biyan wata-wata. Ruwa ne a ciki, ka san hukuncinsa ba sai na tuna maka ba.

Batun abokai ba zan tsawaita ba. Ba ɗaya daga cikinsu da ya taɓa zuba maka mai. Su yi dariyarsu, kwana nawa ne. Wanda ya fi kowa surutu ma, ka tambaye shi ko zai saya.

In ka tashi sayarwa, kada ka yi gaggawar kai ta inda ake saye nan take, don su da farashin karya suke ɗauka. Irin wannan mota tana da masoya da ke nemanta da gaske, kuma takardun sabis suke fara tambaya kafin fenti. Ka tattara su duka a jaka ɗaya. Duk wani aibi da ka sani, ƙarar da take yi da sanyi ko ƙofar da aka taɓa yi wa fenti, ka faɗa wa mai saye da bakinka kafin ya gano. In ka ga Golf ɗin da ta kwanta maka, turo mini lambarta da hoton takardunta kafin ka ba da kafin alƙalami, kuma ka roƙi mai ita ya bar ka ka hau A38 da ita ko da zuwa Lichfield ne ka juyo. Ka gaishe mini da maiɗakinka da jiki.

Baffanka.